Neman aikin talla a ƙasar waje: in tafi in nema a can, ko in nema daga gida?

Abdulhadi ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar tallace-tallace, musamman waɗanda suka taɓa yin wannan aiki a wata ƙasa da ba tasu ba.

Na yi digiri a fannin sadarwa, kuma na yi 'yan shekaru ina aiki a wani ƙaramin kamfanin tsara talla, inda nake rubuta kalaman tallan rediyo da na allunan bakin titi, nake kuma kula da shafukan sada zumunta na wasu daga cikin masu ba mu aiki. Saboda ƙanƙantar kamfanin, kusan babu ɓangaren da hannuna bai taɓa ba, domin ni ne mai rubutu, ni ne mai zama da mai ɗaukar hoto, ni ne kuma mai tsara yadda za a kashe kuɗin talla a Facebook da Google, sannan in haɗa rahoton da za a kai wa mai kaya a ƙarshen wata. Abin da ke damuna shi ne na kai wani mataki da ba na ƙaruwa da sabon ilimi, alhali ayyukan da nake gani suna cin kyaututtuka a duniya yawancinsu daga Landan ko Amsterdam ko Niyok ko Dubai suke fitowa.

Shawarar da nake juyawa a raina ita ce in ajiye aikina, in ɗauki abin da na tara, in nemi bizar ziyara zuwa Landan ko Dubai, in je da kundin ayyukana in riƙa bin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya har Allah ya sa a dace. Dalilina kuwa shi ne na aika takardun neman aiki ta intanet zuwa wurare da dama, amma ban samu ko da gayyatar ganawa ba, kuma wani abokina ya ce mini da zarar sun ga adireshin mutum a wata ƙasa yake, ba sa ma buɗe takardarsa. Shin gaskiya ne kasancewar mutum a garin yana canza lamarin? Wace ƙasa ce ta fi sauƙin shiga ga mai irin sana'ata? Kuma shin aikin da na yi a gida zai yi daraja a idonsu, ko kuwa daga farko zan sake farawa? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Hajiya Rabi ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na daɗe ina aiki a sashen tsara kafofin talla, na yi a gida, na kuma yi a Dubai, saboda haka zan gaya maka abin da na gani, ko da ba zai yi maka daɗin ji ba.

Kafin ka tambayi wace ƙasa, ya kamata ka fara tambayar kanka wane ɓangare na sana'ar za ka sayar, domin a babban kamfani ba a ɗaukar mutumin da ya iya komai da komai, ana ɗaukar wanda ya ƙware a abu guda. Akwai masu ƙirƙira, wato marubucin talla da abokin aikinsa mai tsara hoto, waɗanda tun zamanin Bill Bernbach, wanda ya kafa kamfanin DDB da abokansa a 1949, aka saba haɗa su su biyu su yi aiki tare, har a Landan sau da yawa tare ake ɗaukar su aiki. Akwai masu kula da hulɗa da mai kaya, akwai masu nazarin halin masu saye da tsara dabara, akwai masu sayen gurbin talla a talabijin da intanet, akwai kuma masu shirya fim da sauti. Waɗannan ɓangarori ba daidai suke ba wajen ƙetare iyaka, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskuren lissafi.

Rubutun talla, wanda na ga kamar shi ne ka fi so, shi ne ya fi kowanne wahalar ɗauka daga wata ƙasa zuwa wata. Iya Turanci ko Larabci ko Jamusanci bai isa ba, domin talla tana rayuwa ne a kan abin da mutanen wurin suka taso da shi: barkwancin da ke ba su dariya, shirin talabijin da suka kalla suna yara, yadda mai kuɗi yake magana da yadda talaka yake magana, da abin da suke jin kunyar faɗa a fili. Shugaban sashen ƙirƙira a Landan yana da ɗimbin matasa 'yan ƙasa waɗanda suka san wannan duka ba tare da an koya musu ba, kuma ba sai ya nema musu izinin aiki ba. To me zai sa ya ɗauke ka? Sai dai in ka zo masa da tunanin da ba zai samu a wurinsu ba. Mutane suna yawan kawo misalin David Ogilvy, cewa ya bar Birtaniya ya je Amurka ya zama gagarabadau, amma suna mantawa cewa ya isa can a 1938, ya yi shekaru yana aikin binciken ra'ayin jama'a a ƙarƙashin George Gallup, inda ya san halin Amurkawa ciki da waje, kuma sai a 1948 ya buɗe kamfaninsa, shi ma da goyon bayan kamfanonin talla na Landan, ciki har da wanda yayansa yake aiki a cikinsa. Shekara goma ke nan tsakanin isarsa da kafuwarsa, ga shi kuma harshensu ɗaya da mutanen da ya tarar.

Ɓangaren da ka ambata a taƙaice, wato tsara kashe kuɗin talla a Facebook da Google da haɗa rahoto, shi ne a ganina ya fi saurin buɗe maka ƙofa. Manhajojin da ake aiki da su iri ɗaya ne a ko'ina, alƙaluma kuma ba sa buƙatar tafinta. A 2024 kuɗin da ake kashewa a talla a duniya ya haura dala tiriliyan 1 a karon farko, bisa ƙiyasin kamfanin GroupM, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na wannan kuɗi a intanet yake tafiya. Wanda zai iya nuna cewa an ba shi kasafi kaza, ya sayar da kaya kaza, ya rage kuɗin samun kowane mai saye da kashi kaza, zai iya yin wannan bayani a Dubai ko Singafo ko Toronto a fahimce shi nan take. Na san ba wannan ne ɓangaren da ake hawa dandamali a karɓi kyauta ba, amma mutum yana iya shiga ta nan, ya zauna a ƙasar, ya koyi halin mutanenta, daga baya ya matsa zuwa inda zuciyarsa take.

Game da kundin ayyukanka, aikin da ka yi a gida yana da daraja, amma sai ka yi masa hidima. Kada ka tara duk abin da ka taɓa yi. Zaɓi biyar ko shida mafi ƙarfi, ka sa su a shafi guda na intanet wanda zai buɗe da sauri a waya, kuma kowanne ka rubuta masa gajeren bayani: mene ne matsalar mai kayan, wane tunani kuka kawo, mene ne naka hannun a ciki, kuma me ya biyo baya. Wanda zai duba bai san kamfanin da ka yi wa tallan ba, bai san ko babba ne ko ƙarami ba, bai kuma san dalilin da ya sa kalmar da ka zaɓa ta burge jama'a ba, saboda haka wajibi ne ka fassara, ka sa rubutu a ƙasan bidiyo, ka bayyana abin da ɗan gida zai gane ba tare da bayani ba. Yawancin masu duba irin wannan kundi minti ɗaya ko biyu suke ba shi, a tsakanin taro da taro.

Sai kuma dokoki, waɗanda ba a cika maganarsu ba, alhali a ganawar ɗaukar aiki sanin su yana nuna cewa mutum da gaske yake. A Faransa dokar Toubon ta 1994 ta wajabta amfani da Faransanci a talla. A Suwidin an hana tallan talabijin da ke nufin yara 'yan ƙasa da shekara 12 tun 1991, a lardin Kebek na Kanada kuma an hana tallan da ke nufin 'yan ƙasa da shekara 13 tun 1980. A Birtaniya hukumar ASA, mai sa ido kan tallace-tallace, tana iya sa a janye talla, kuma tun 2019 akwai ƙa'idar da ta hana nuna maza ko mata ta hanyar da ke ƙarfafa mummunar fahimta game da jinsinsu. A Tarayyar Turai kuwa dokar kare bayanan mutane ta GDPR, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2018, ta shafi kusan duk abin da mai tallan intanet yake yi. Ka zaɓi kasuwa guda ka karance ta sosai, ya fi maka ka watsa takardu a ƙasashe goma.

Malam Sanusi ya amsa:

Hajiya ta yi bayanin sana'ar yadda ya kamata, ni kuma zan tsaya a kan maganar biza, domin na yi aiki a ofishin ɗaukar ma'aikata, kuma a nan ne shirin Abdulhadi yake da babban rami.

Ɗan'uwa, bizar ziyara ta Birtaniya ba ta ba ka izinin yin aiki, kuma ko da wani kamfani ya so ka, doka ba ta yarda ka sauya daga mai ziyara zuwa ma'aikaci kana cikin ƙasar ba, sai ka fita ka nemi bizar aiki daga waje. Bizar ƙwararrun ma'aikata kuwa tana buƙatar kamfanin da gwamnati ta ba lasisin ɗaukar nauyin baƙi, kuma tun watan Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin da aka gindaya ga yawancin masu nema ya kai fam 41,700 a shekara, ko da yake akwai sassauci ga matasa masu fara aiki. Wannan adadi ya fi abin da ake biyan ƙananan ma'aikata a kamfanonin talla da yawa, kuma shi ne ainihin dalilin da ya sa ba a amsa takardunka. Adireshinka alama ce kawai, abin da suke gujewa shi ne kuɗi da wahalar ɗaukar nauyi. Idan ka sauka a Landan gobe, wannan matsala tana nan yadda take, sai dai ka ƙara mata kuɗin haya. Gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin kamfanonin da ke da lasisin a shafinta, haka ma hukumar shige da fice ta Holan tana wallafa nata jerin, saboda haka ka duba kafin ka ɓata lokaci a kan kamfanin da ba shi da ikon ɗaukar ka ko da yana so.

Amurka ta fi tsanani. Bizar H-1B, wadda ake ba ƙwararrun ma'aikata, tana da ƙayyadadden adadi na 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga waɗanda suka yi digiri na biyu ko sama da haka a jami'o'in ƙasar, kuma masu nema sun ninka gurbin sau da yawa, shi ya sa aka daɗe ana zaɓe ta hanyar ƙuri'a. Masu ƙirƙira a harkar talla sun fi bi ta bizar O-1, wadda ake ba wanda ya nuna fice na musamman a fanninsa, kuma hujjar da ake nema ita ce kyaututtuka, da rubuce-rubucen jaridu a kan aikinsa, da wasiƙun manyan sana'ar. Wannan ta wanda ya riga ya yi suna ce.

Akwai ƙasashen da suka buɗe hanya ta halal ga mai son zuwa ya nemi aiki da ƙafarsa. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta fito da bizar neman aiki a watan Oktoban 2022, ta kwana 60 ko 90 ko 120, ga masu digiri da suka cika sharuɗɗa, ba tare da buƙatar wani ya ɗauki nauyinsu ba, amma izinin nema ne kawai, ba izinin fara aiki ba. Jamus ta fara ba da katin da ake kira Chancenkarte a watan Yunin 2024, wanda ke ba mutum damar zama har shekara guda yana neman aiki, yana kuma iya yin aikin wucin gadi na awa 20 a mako, muddin ya cika makin da ake buƙata, ya nuna yana jin Jamusanci ko Turanci gwargwadon matakin da aka sa, ya kuma nuna yana da kuɗin ciyar da kansa. Waɗannan ƙa'idoji suna canzawa, don haka shafin gwamnatin ƙasar ne abin dogaro, ba maganar dillali ba.

Tun da na ambaci dillali, bari in ja kunnenka. Kamfanin gaskiya ba ya karɓar kuɗi a hannun wanda zai ɗauka aiki, kuma masu farautar ma'aikata kamfanin da ke neman mutum ne yake biyan su. Duk wanda ya aiko maka da takardar ɗaukar aiki ba tare da ganawa ba, sannan ya ce ka tura kuɗin biza ko na inshora zuwa wani asusu, ɗan damfara ne, ko da takardar tana ɗauke da tambarin babban kamfani. A Daular Larabawa doka ta ɗora kuɗin ɗaukar ma'aikaci a kan mai aikin, ta kuma hana shi riƙe fasfon ma'aikacinsa.

Hanyar da na fi ganin tana kai mutane, ko da yake tana cin lokaci, ita ce sauyin wurin aiki a cikin kamfani guda. Manyan rukunonin talla na duniya, irin su WPP da Publicis da Omnicom da Dentsu da Havas, suna da rassa ko abokan hulɗa a ƙasashe masu yawa. Idan ka shiga ɗaya daga cikinsu a inda kake, ka yi aiki a kan kayan wani babban kamfani na duniya, sunanka zai riƙa zuwa ofishin yanki, kuma dokokin ƙasashe da dama sun tanadi biza ta musamman ga irin wannan sauyi. A Amurka bizar L-1 tana buƙatar mutum ya yi wa kamfanin aiki na shekara guda a jere cikin shekaru uku da suka gabata.

Abdulhadi ya sake rubutawa:

Hajiya da Malam, na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Maganar albashin da aka gindaya ta warware mini abin da na daɗe ina mamaki. Amma ina da wata damuwa game da shawarar shiga reshen babban kamfani, domin gurabensu kaɗan ne, kuma ina jin labarin ana haɗe kamfanoni ana rage ma'aikata. Idan jira zai ɗauki shekaru, ba na fargabar cewa lokacin da zan shirya, ƙirƙirarriyar basira ta riga ta cinye irin aikin da ake ba ƙananan ma'aikata? Wannan ne ya sa nake ganin kamar gara in tafi yanzu.

Ummi ta amsa:

Yaya Abdulhadi, ni zan ɗan saɓa wa manyanmu, tare da girmamawa, domin ni na tafi ne ba tare da takardar ɗaukar aiki a hannuna ba, kuma ban yi nadama ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Duk abin da Malam Sanusi ya faɗa game da Birtaniya da Amurka gaskiya ne, kuma ni ma ba zan ba kowa shawarar ya je Landan da bizar ziyara yana bin ofisoshi ba. Amma ban yarda cewa kasancewar mutum a gari ba ta da tasiri ba. Harkar talla harka ce ta sanayya, kuma guraben aiki da yawa ba a tallata su, sai dai shugaban sashe ya tambayi na kusa da shi ko ya san wani. A Dubai, inda aka tara kamfanonin talla da na yaɗa labarai a unguwa guda tun buɗe Dubai Media City a 2001, kuma inda mafi yawan ma'aikata baƙi ne daga ƙasashe dabam-dabam, ɗaukar nauyin bizar ma'aikaci abu ne da kowane kamfani ya saba da shi, kuma wanda zai iya zuwa ganawa gobe da safe yana gaban wanda sai an jira shi. Haka kuma Amsterdam, inda kamfanin talla na Wieden+Kennedy ya buɗe ofis tun 1992, gari ne da ake yin tallan duniya da Turanci, da ma'aikata daga ko'ina, saboda ayyukan ba na Holan kaɗai ba ne. A irin waɗannan wurare, maganar Hajiya cewa baƙo bai san barkwancin 'yan gari ba tana rage ƙarfi, domin tallan da za a nuna a ƙasashe ashirin dole ya dogara da tunanin da kowa zai gane.

Sai dai tafiyar da nake nufi ba irin wadda ka bayyana ba ce. Kafin in tashi, na shafe watanni ina rubuta wa mutane ɗaiɗaiku ta LinkedIn, ba ina roƙon aiki ba, ina neman su duba kundin ayyukana su gaya mini inda yake da rauni. Yawancinsu ba su amsa ba, amma waɗanda suka amsa su ne suka zama mutanen da na gana da su da na isa, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya tura ni wurin da aka ɗauke ni. Na kuma yanke wa kaina wa'adi da adadin kuɗin da in ya ƙare zan koma, na sayi tikitin dawowa, ban kuma rabu da tsohon wurin aikina da faɗa ba. Lokacin tafiya ma yana da muhimmanci, domin a ƙasashen Gulf al'amura suna lafawa a tsakiyar bazara, a Turai kuma watan Agusta da ƙarshen Disamba kusan babu mai ɗaukar ma'aikaci.

Game da fargabarka, haɗewar kamfanoni gaskiya ce. WPP ya haɗe Wunderman Thompson da VMLY&R suka zama VML, an sanar da hakan a 2023, sannan a watan Disamban 2024 Omnicom ya sanar da sayen Interpublic, wani babban rukunin talla. Duk lokacin da aka yi irin wannan, ana rage gurabe. Amma ka lura cewa wannan hujja ce da ke aiki a kanka, ba a gare ka ba, domin idan ayyukan ƙananan ma'aikata suna raguwa, suna raguwa ne a can ma, kuma baƙon da bizarsa ke rataye da aikinsa shi ne ya fi shiga matsala idan aka sallame shi, tun da yana da ɗan gajeren lokaci ya samu wani ko ya bar ƙasar. Ka kuma faɗaɗa inda kake nema, domin yanzu manyan kamfanoni masu kaya da yawa suna da nasu sashen talla a cikin gida, haka ma bankuna da kamfanonin jiragen sama da na fasaha, kuma wasunsu sun fi kamfanonin talla iya biyan albashin da biza ke buƙata.

Malam Sanusi ya ƙara da cewa:

Malama Ummi, ba mu yi nisa da juna ba, domin abin da kika bayyana tafiya ce da shiri, da mutanen da ke jiran ganinki, da tikitin komawa. Abin da nake hana shi shi ne tafiya da bizar da ba ta dace ba. Zan ƙara da hanyar karatu, tun da babu wanda ya taɓo ta. Wanda ya kammala digiri a Birtaniya yana samun bizar zama ta shekara biyu da zai iya aiki da ita ba tare da ɗaukar nauyi ba, amma gwamnati ta sanar da rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027, kuma kuɗin makaranta ga baƙi yana da yawa, saboda haka sai mutum ya yi lissafi da kyau ko zai iya kai albashin da ake buƙata kafin wa'adin ya ƙare. Holan ma tana da shekara guda ta neman aiki ga waɗanda suka kammala karatu a can ko a wasu fitattun jami'o'in duniya.

Hajiya Rabi ta sake amsawa:

Ƙanina, akwai abin da za ka iya farawa a wannan watan ba tare da ka ajiye aikinka ba, wato shiga gasa. Cannes Lions, babban bikin kyaututtukan talla na duniya wanda aka fara a 1954, yana da gasar matasa ta Young Lions ga 'yan shekara 30 zuwa ƙasa, inda ƙasashe ke tace wakilansu mutum biyu-biyu, a ba su aiki su kammala cikin kwana ɗaya ko biyu. D&AD ta Landan, ƙungiyar masu zane da talla, tana da gasar New Blood, wadda ake fitar da buƙatun manyan kamfanoni na gaske kowace shekara domin sababbin shiga su gwada basirarsu, sai ka duba ko ka cika sharuɗɗanta. Akwai Loeries ga Afirka da Gabas ta Tsakiya, akwai kuma Dubai Lynx. Ko ba ka ci ba, za ka fito da aikin da aka yi a kan buƙatar da masu dubawa suka sani, wanda hakan ke sauƙaƙa musu auna ka da sauran, idan kuma sunanka ya shiga jerin waɗanda aka tace, to ka samu layin da zai sa a buɗe takardarka, kuma irin hujjar da Malam ya ce ana nema a bizar O-1 daga nan take farawa.

Na yarda da Ummi game da Dubai, kuma zan ƙara Riyad, domin tun da Saudiyya ta fara aiwatar da sharaɗin cewa kamfanonin duniya masu son kwangilar gwamnati su kafa hedikwatarsu ta yanki a ƙasar daga farkon 2024, aikin talla ya ƙaru a can, sai dai mai jin Larabci ya fi samun fifiko nesa ba kusa ba. Idan ka gyara kundin kamar yadda na bayyana, ka sa mahaɗinsa a nan, zan duba ɓangaren alƙaluman, ita kuma Ummi na tabbata ba za ta ƙi duba ɓangaren rubutun ba.